Na haddace duk ƙa'idojin ƙididdiga, amma na faɗi jarrabawa

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, ina karanta fannin kiwon lafiyar al'umma. A zangon da ya wuce na faɗi kwas ɗin gabatarwar ilimin ƙididdiga, kuma yanzu dole in sake ɗaukarsa. Wallahi ba wasa na yi ba, domin na haddace duk ƙa'idojin da aka ba mu, amma da zarar na ga tambaya sai in rasa wadda zan ɗauka. Ban san lokacin da ake rabawa da √n da lokacin da ba a yi ba, ban gane dalilin da ya sa ake watsi da H0 idan p ya yi ƙanƙanta ba, kuma sau da yawa teburin z yana ba ni amsa dabam da ta abokan karatuna. Na fara tunanin ko ba ni da kan lissafi ne, har ina shawarar canza fanni. Mahaifina da ƙyar yake biyan kuɗin makarantata, kuma har yau na kasa gaya masa. Saura kimanin wata uku jarrabawa. Malam, me zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abu na farko da nake so ki cire daga ranki shi ne maganar rashin kan lissafi. Wadda ba ta da kan lissafi ba za ta iya zayyana wuraren da take tuntuɓe ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kika yi ba. Lissafin da ke cikin wannan kwas bai wuce ɗebewa da rabawa da duba tebur ba, wanda kin iya tun kina sakandare. Wahalar tana wajen gane abin da ake tambaya kafin a taɓa kalkuleta. Mu mutane ne da muka tashi da girmama hadda, kuma ta yi miki rana a wasu darussa, amma ƙa'idojin wannan darasi sun yi kama da juna ƙwarai a ido, kuma abin da ke raba su yana cikin ma'anar tambayar da ke gabanki. Matsaloli ukun da kika lissafa, a ganina, tushensu ɗaya ne, wato kina shiga lissafi ba tare da zane a gabanki ba. Saboda haka zan bi da ke ta misali guda ɗaya, mu daɗe a kansa har ya zauna.

A ce wani kamfani yana ɗura takin zamani a buhu, ya rubuta kilo 50 a jikinsa. Injin da ke ɗurawa ba zai taɓa ba da kilo 50 cif-cif a kowane buhu ba. Wani zai ɗara kaɗan, wani ya gaza kaɗan, saboda danshi da girgizar inji da ɗan abin da ya zube da wasu ƙananan dalilai masu yawa waɗanda babu ruwan wani da wani. Idan kika auna dubban buhuna kika zana yawan waɗanda suka faɗa a kowane nauyi, za ki ga tudu a tsakiya daidai wajen 50, yana gangarowa iri ɗaya ta hagu da ta dama, yana sirancewa zuwa jela biyu. Wannan siffa ita ce rarrabuwar nomal. Abraham de Moivre, Bafaranshen da ya zauna a Landan, shi ya fara fito da lissafinta a 1733 yana nazarin wasannin sa'a, sannan Carl Friedrich Gauss na Jamus ya yi aiki da ita a 1809 wajen bayanin kurakuran da ake samu a awon tafiyar taurari, shi ya sa za ki ga wasu littattafai suna jingina ta ga sunansa. Na kawo wannan ne domin ki san cewa an ƙirƙiro ta ne don amsa tambaya irin ta buhun takin nan: idan awo yana ɗan kaucewa nan da can ba da gangan ba, kaucewa nawa ya kamata a ɗauka a matsayin abin da aka saba?

Lambobi biyu ne kaɗai ke fayyace wannan tudu. Ta farko ita ce matsakaici, wanda ake rubutawa μ, shi ne inda ƙololuwar take. Ta biyu ita ce ma'aunin warwatsuwa, wanda ake rubutawa σ ana kiransa sigma, shi ke nuna faɗin tudun. Mu ɗauka a misalinmu sigma kilo 1.2 ne. To a kowace rarrabuwar nomal, kimanin kashi 68 cikin ɗari na abubuwan suna tsakanin sigma ɗaya a ƙasa da sigma ɗaya a sama da matsakaici, kimanin kashi 95 suna cikin sigma biyu, sannan kashi 99.7 suna cikin sigma uku. A wajen buhunanmu, ma'anar wannan ita ce kashi 68 suna tsakanin kilo 48.8 da 51.2, kashi 95 suna tsakanin 47.6 da 52.4, kuma da wuya ki ga buhun da ya gaza 46.4 ko ya haura 53.6. Waɗannan lambobi uku kam ki haddace su, domin da su za ki riƙa gane amsar da ta kauce tun kafin ki miƙa takarda. Ita kuwa z da take ba ki tsoro, ƙidayar taku ce kawai: sigma nawa ne tsakanin abin da kika gani da matsakaici? Idan z ya fito 2, kin yi nisan sigma biyu ta dama, idan ya fito da alamar ragi, ta hagu kike.

Yanzu ga tambayarki ta √n, wadda ita ce ramin da ya fi cin ɗalibai a wannan kwas. Ki dubi tambayoyi biyu masu lamba iri ɗaya. Ta farko: an ɗauki buhu guda ɗaya, mene ne yiwuwar nauyinsa ya zama kilo 49.5 ko ƙasa da haka? Ki ɗebe 50 daga 49.5, ki sami ragin 0.5, ki raba da 1.2, z ya zama ragin 0.42. Tebur zai nuna miki kimanin 0.34, wato kusan buhu ɗaya cikin kowane uku yana da wannan nauyi ko ƙasa da shi. Babu abin mamaki a nan, kuma manomin da ya auna buhu ɗaya ya sami 49.5 ba shi da hujjar cewa an cuce shi. Ta biyu: an ɗauki buhu 36 ba tare da zaɓe ba, aka auna su duka, aka fitar da matsakaicinsu, mene ne yiwuwar wannan matsakaici ya zama 49.5 ko ƙasa da haka? A nan lamarin ya sauya gaba ɗaya, domin idan aka haɗa buhu 36, masu nauyi suna cike gurbin marasa nauyi, sai matsakaicinsu ya riƙa maƙalewa kusa da 50 fiye da yadda buhu ɗaya zai yi. Tudun matsakaicin ya fi na ɗaiɗaikun buhuna tsukewa, kuma faɗinsa shi ne sigma a raba da √n, inda n shi ne yawan buhunan da aka auna, √n kuma lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da n. Tunda 6 sau 6 ne ke ba da 36, sai ki raba 1.2 da 6 ki sami 0.2. Yanzu ragin 0.5 a raba da 0.2 ya ba da z na ragin 2.5, kuma filin da ya rage a jelar hagu ta tudun, wanda shi ne yiwuwar da ake nema, 0.0062 ne kacal, wato kimanin sau 6 cikin dubu.

Ki tsaya ki dubi waɗannan amsoshi biyu da kyau. Lambar 49.5 ba ta canza ba, sigma bai canza ba, amma abin da yake faruwa sau ɗaya cikin uku ga buhu guda ya zama abin da ba ya faruwa sai sau 6 cikin dubu ga matsakaicin buhu 36. Don haka duk lokacin da kika karanta tambaya, ki tambayi kanki da babbar murya idan ya kama: maganar abu ɗaya ake yi, ko maganar matsakaicin rukuni? Idan mutum ɗaya ne, ko buhu ɗaya, ko jariri ɗaya, sigma kaɗai za ki raba da shi. Idan matsakaicin samfur ne, wato rukunin da aka ɗebo aka auna, √n ya shigo. Akwai kuma darasi a cikin wannan alama da zai yi miki amfani a aikinki na gaba: tunda √n ake rabawa da shi, wanda yake so ya rage warwatsuwar matsakaicinsa da rabi, sai ya ninka yawan samfurinsa sau huɗu. Wannan ne ya sa binciken lafiya mai inganci yake cin kuɗi da lokaci.

Maganar tebur kuwa mai sauƙi ce, kuma ina kyautata zaton ba ke ce kike kuskure ba a mafi yawan lokuta. Teburan z iri biyu ne suka fi yawo a littattafai. Wani yana ba da filin da ke hagu da z gaba ɗaya, wani kuma yana ba da filin da ke tsakanin tsakiya da z kawai. Ki duba 1.96 a teburinki: idan kika ga 0.9750, irin na farko ne a hannunki, idan kika ga 0.4750, irin na biyu ne, kuma bambancinsu shi ne 0.5 na rabin tudun da ke hagu. A saman yawancin teburan akwai ɗan zane da aka yi wa inuwa yana nuna filin da ake nufi, kuma mafi yawan ɗalibai ba sa ko kallonsa. Ki tambaya wane iri ake rabawa a ɗakin jarrabawarku, ki yi atisaye da shi kaɗai daga yau.

Sai mu zo kan gwajin zato, inda kika ce ba ki gane dalilin watsi da H0 ba. Kin san ƙa'idar da alƙalai ke bi a kotunan shari'a, cewa kawo hujja yana kan mai da'awa. Wanda ake ƙara yana nan a matsayin marar laifi har sai an kawo shaidar da ta isa. H0 shi ne wannan matsayi na asali, wato a misalinmu kamfani yana ɗura kilo 50 kamar yadda ya rubuta. H1 shi ne da'awar mai ƙara, wato ƙungiyar manoman da suka ce ana tauye musu awo. Buhu 36 da aka auna su ne shaidu. Tambayar da ake yi guda ɗaya ce tak, kuma ina so ki rubuta ta a bangon littafinki: da a ce H0 gaskiya ne, sau nawa sa'a kaɗai za ta kawo sakamako irin wanda na gani, ko wanda ya fi shi kaucewa? Amsar wannan tambaya ita ce p. Mun riga mun lissafa ta, 0.0062. To yanzu abu biyu ne a gabanmu: ko dai kamfanin yana da gaskiya, amma aka yi rashin sa'ar da ba ta zuwa sai sau 6 cikin dubu, ko kuma maganar kilo 50 ɗin ce ba daidai ba. Mai hankali zai karkata ga na biyu. Abin da ake nufi da watsi da H0 ke nan. Ƙanƙantar p tana nufin cewa abin da muka gani da idonmu ba ya zama lafiya da zaton asali, kuma tunda ba za mu ƙaryata sikeli ba, sai mu saki zaton.

Akwai kuskure biyu da nake roƙonki ki kiyaye, domin har manyan masu bincike suna faɗa musu. Na farko, p ba shi ne yiwuwar cewa H0 gaskiya ne ba. An lissafa shi ne bisa ɗaukar cewa H0 gaskiya ne tun farko, don haka ba zai juyo ya auna gaskiyar abin da aka gina shi a kai ba. Wannan ruɗani ya yi yawa a duniyar bincike har Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman a 2016 tana gargaɗi a kansa. Na biyu, idan p ya fito da girma, ba a cewa an tabbatar da H0. Alƙalin da ya sallami wanda ake ƙara saboda ƙarancin shaida bai rantse cewa mutumin bai aikata ba, ya dai ce abin da aka kawo bai isa ba. Shi ya sa malamai suke dagewa a rubuta cewa babu isasshiyar hujjar watsi da H0, kuma suna rage maki ga wanda ya rubuta cewa an tabbatar da shi. Suna da gaskiya a wannan dagewar.

Lambar 0.05 da ake kwatanta p da ita kuwa, yarjejeniya ce ta masana. Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila daga 1919 yana nazarin gwaje-gwajen taki da amfanin gona, shi ya yaɗa ta a littafinsa na 1925 a matsayin iyaka mai sauƙin aiki, wato sau ɗaya cikin ashirin. Daga baya Jerzy Neyman da Egon Pearson suka tsara lamarin a 1933 ta fuskar kurakurai iri biyu da mai yanke hukunci zai iya yi. Kuskure nau'i na ɗaya shi ne a yi watsi da H0 alhali gaskiya ne, wato a ɗora wa kamfani laifin da bai yi ba. Nau'i na biyu shi ne a ƙyale H0 alhali ƙarya ne, wato mai tauye awo ya tsira. Idan kika zaɓi 0.05, kin amince ke nan cewa a cikin kowane gwaji ashirin da H0 yake gaskiya, kimanin sau ɗaya za ki yi kuskure na farko. Idan kika tsaurara zuwa 0.01 domin kare marar laifi, kin buɗe ƙofa ga kuskure na biyu, kuma hanyar rage su biyun tare ita ce ƙara yawan samfur. A fanninki wannan magana ce ta rai da lafiya: cewa magani yana aiki alhali ba ya yi, da cewa ba ya yi alhali yana yi, kowanne akwai marar lafiyar da zai ɗanɗana kuɗarsa.

Batun jela ɗaya ko jela biyu daga lafazin tambaya ake gane shi, kuma kafin a kalli sakamako ake yanke shi. Idan da'awar ita ce nauyin ya gaza 50, ko ya haura 50, gefe ɗaya ake dubawa, kuma iyakar z a matakin 0.05 ita ce 1.645. Idan da'awar ita ce nauyin ya bambanta da 50, ba tare da an faɗi ta wane gefe ba, sai a raba 0.05 ɗin gida biyu, kowace jela ta ɗauki 0.025, iyakar ta zama 1.96. Manoman misalinmu gazawa suke kuka da ita, don haka jelar hagu kaɗai muka duba. Da mai kula da inji ne yake son sanin ko injinsa ya kauce ta kowane gefe, da sai mu ninka 0.0062 sau biyu mu sami 0.0124, wanda shi ma yana ƙasa da 0.05 amma ya haura 0.01. Kin ga yadda lafazin tambaya da matakin da aka zaɓa za su iya sauya hukunci, shi ya sa ba a yarda mai bincike ya ga sakamako sannan ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi ba.

Za ki kuma haɗu da teburin t, kuma dalilinsa gajere ne. A misalinmu na ba ki sigma kyauta, amma a zahiri da wuya a san shi, sai dai a ƙiyasta shi daga samfurin kansa, kuma ƙiyasin da aka yi da abu kaɗan yana da nasa rauni. William Gosset, wanda ya yi aiki a kamfanin Guinness a Dublin, shi ya warware wannan a 1908, ya buga aikinsa da sunan aro na Student. Tudun t ya fi na nomal kaurin jela, don haka yana neman hujja mai ƙarfi kafin ya yarda a yi watsi da H0. Idan samfurinki 10 ne, za ki duba layi na 9, wato n a ɗebe ɗaya, ki ga iyakar jela biyu a matakin 0.05 ta zama 2.262 maimakon 1.96. A layi na 30 ta sauko zuwa 2.042, kuma haka take ta matsowa kusa da 1.96 yayin da samfur ke ƙaruwa. Idan tambaya ta ba ki sigma na gaba ɗayan jama'a ko abubuwan da aka ɗebo samfurin daga cikinsu, z za ki ɗauka. Idan warwatsuwar daga samfur aka lissafa ta, musamman idan samfurin ƙarami ne, t ne abokin aikinki.

Kada kuma ki ɗauka komai na duniya yana bin wannan tudu. Tsawon manyan mata a gari ɗaya yana kusa da shi, amma kuɗin shigar mutanen gari ba ya binsa ko kaɗan, domin mafi yawa suna cunkushe a ƙasa, 'yan kaɗan kuma sun yi nisa ƙwarai a sama. Haka ma kwanakin da marasa lafiya ke yi a gadon asibiti. Abin da ya ceci lissafinmu shi ne abin da Pierre-Simon Laplace ya nuna a 1810, cewa matsakaicin samfur mai yawa yana kusantar siffar nomal ko da ɗaiɗaikun abubuwan ba su da ita. Daga nan ne maganar da kike ji a aji, cewa samfur 30 ya isa a yi aiki da tudun nomal, ta samo asali, kuma ita ma ƙiyasi ce ta aiki, domin idan karkatar ta yi tsanani 30 ba ta isa. Kina iya ganin wannan da idonki da dayis ɗin ludo. Dayis ɗaya yana ba da 1 zuwa 6 ba tare da fifita wata lamba ba, babu tudu ko kaɗan. Amma ki jefa shi sau biyar ki fitar da matsakaici, ki maimaita haka sau hamsin ke da ƙawayenki, ku zana sakamakon, za ku ga tudu ya fara tashi a kusa da 3.5. Ina ganin yammaci ɗaya da kuka ba wannan wasa zai fi muku mako guda na hadda amfani.

Wani abu da jarrabawa ba ta cika tambaya ba amma aiki zai tambaye ki shi ne bambanci tsakanin abin da lissafi ya gano da abin da ya dami mutane. Rabin kilo a buhu ɗaya kamar ba komai ba ne, amma a motar da ta ɗauko buhu 600 ya zama kilo 300, wato buhu shida cur. Wannan gibi ne na gaske. A ɗaya gefen, da za a auna buhu 10,000 a sami matsakaicin 49.95, warwatsuwar matsakaici za ta zama 0.012, z ya zama kimanin ragin 4.2, p ya yi ƙanƙanta ƙwarai, alhali giram 50 ne kawai ake magana a kai. Samfur mai yawa yana iya tono bambancin da bai kai a tashi tsaye dominsa ba. Idan kika kai aji na ƙarshe kina rubuta aikin bincikenki, manhaja irin su SPSS za ta zubo miki p cikin daƙiƙa, amma ba za ta gaya miki ko bambancin ya isa a canza yadda ake kula da masu juna biyu a asibitin ƙauye ba. Wannan hukunci naki ne, kuma saboda shi nake ƙin shawarar canza fanni. Kusan duk fannin da za ki koma, daga noma zuwa tattalin arziki zuwa ilimin zamantakewa, wannan kwas yana can yana jiranki, kuma kiwon lafiyar al'umma yana buƙatar mata da suka fahimce shi.

Game da wata ukun da suka rage, ga yadda nake ganin ya dace ki yi. Ki nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya na sashenku, ki riƙa yin uku ko huɗu kowace rana maimakon ki tara su zuwa daren jarrabawa. A kowace tambaya, kafin ki taɓa kalkuleta, ki rubuta H0 da H1 da kalmomi, ki zana tudun, ki sa matsakaici a tsakiya, ki sa alama inda sakamakon ya faɗa, ki yi wa jelar da ake nema inuwa, sannan ki yi hasashen amsar da ƙa'idar 68 da 95 da 99.7. Idan inuwarki 'yar siririya ce amma lissafi ya ba ki 0.99, kin san nan take cewa kin manta ɗebewa daga ɗaya. Bayan lissafi ki rufe da jimla cikakkiya da ke komawa ga buhu ko jariri ko magani, domin masu duba takarda suna ba da maki a kan matakai, kuma ɗalibar da ta jera matakanta daidai ta yi kuskure a lamba ta ƙarshe tana tsira da mafi yawan makinta. Makonni biyu na farko ki tsaya a kan z na abu ɗaya da karanta tebur har su zama jiki, kada ki yi gaggawar tsallakawa, domin duk sauran a kansu aka ɗora su. Ki sami ƙawa ɗaya ko biyu ku riƙa yi wa juna bayani da Hausa, saboda duk inda bakinki ya sarƙe a bayani, nan ne fahimtarki ba ta kai ba. Sannan ki je wurin malamin kwas ɗin da tambaya takamaimai da aikin da kika gwada a takarda. Malami ya fi saurin taimakon wadda ta nuna masa layin da ta tsaya a kai fiye da wadda ta ce ba ta gane komai ba.

Maganar mahaifinki ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarki. Ki gaya masa, kuma kada ki bari ya ji daga bakin wani ko ya gani a takardar sakamako. Na san nauyin da kike ji, ganin yadda yake fama kafin ya haɗa kuɗin, amma ɓoyewar tana cin rabin hankalin da ya kamata ki ba karatu, kuma uba ya fi jin zafin a ɓoye masa fiye da faɗuwar kwas guda. Idan fuskantarsa kai tsaye ta yi miki nauyi, ki fara da mahaifiyarki ko wata babba da yake jin maganarta, amma ki kasance a wurin, ki faɗa masa da bakinki abin da ya faru, da cewa ana sake ɗaukar kwas ɗin ne tare da na wannan shekara, da shirin da kika yi na wata ukun nan. Ki nemi addu'arsa.

Kafin ki kwanta yau, ki ɗauki takarda ki sake lissafin manoman nan, amma ki ɗauka buhu 9 kawai suka auna, matsakaicin kuma yana nan 49.5. Ki yi zanen da kanki. Idan kin bi daidai, warwatsuwar matsakaici za ta fito 0.4, z ya zama ragin 1.25, p kuma kimanin 0.106, wanda ya haura 0.05, don haka babu isasshiyar hujjar watsi da H0. Daga nan ki rubuta da Hausa, a jimla biyu ko uku, dalilin da ya sa gibin rabin kilo ya isa hujja a buhu 36 amma bai isa a buhu 9 ba, ki aiko mini in duba. Allah ya ba ki sa'a, ya sanya albarka a karatunki.